Ramin SATA ɗaya ya daina ganin faifai: a bi ƙafafu ko a buga wa cipset bulowa?

Sadiq_Gyaran_PC:
Assalamu alaikum manyanmu. An kawo min destof mai bod ɗin G41, ƙaramin cipset ɗinsa ICH7 ne. Ramukan SATA, wato inda ake jona faifan ajiya, huɗu gare shi. Uku lafiya lau, amma na farkon ko a BIOS, wato shafin saitin bod da ake shiga a farkon tashi, ba ya nuna faifai. Na canza kebul, na canza faifan ajiya, shiru. Na samo zanen bod ɗin, sai na ga sunaye jere a gefen cip: SATA0TXP, SATA0TXN, SATA0RXP, SATA0RXN, SATARBIAS, SATA_CLKP, SATA_CLKN, SATALED#, SATA0GP. Don Allah wace ƙafa ce ke aikin me, kuma wacce zan fara aunawa? Maƙwabcina a layi ya ce in daina wahalar da kaina, in buga wa cipset zafi kawai da bulowa, wato injin hura iska mai zafi.

Nura_Laftof:
Wa alaikumus salam. Uku suna aiki? To mayar masa da kebul ɗin rami na biyu, ka karɓi kuɗinka, ka je ka ci abinci.

Sadiq_Gyaran_PC:
Oga Nura ai da haka ne da ban yi magana ba. Mai ita bidiyon biki yake haɗawa. Faifai uku ne a ciki, ga DVD da yake ƙona wa mutane. Duk huɗun yake so.

Baba_Injiniya:
Sadiq, ajiye bulowar nan tukuna, kada ka ƙona abin da bai yi maka laifi ba.

Fara da raba sunayen gida biyu. Akwai waɗanda ke ɗauke da lambar rami, wato masu 0 a jikinsu, akwai kuma waɗanda ba su da lamba. Masu lamba na wannan ramin ne shi kaɗai. Marasa lamba na kowa da kowa ne, duk ramukan huɗu suna rataye a kansu.

TXP da TXN su ne tagwayen da cipset ke aika saƙo da su zuwa faifai. RXP da RXN kuma ta nan amsar faifai ke shigowa. Sunan daga ɓangaren cipset aka raɗa shi, don haka abin da cip ya kira TX, a wurin faifai RX ne. A bakin ramin ƙafafu 7 ne: ta 1 da ta 4 da ta 7 GND ne, wato ƙasa, ta 2 TXP, ta 3 TXN, ta 5 RXN, ta 6 RXP. Ka lura tagwaye na biyu a juye suke, N ce ke zuwa kafin P. Yara da yawa sun ja waya a nan sun haɗa a karkace.

SATA_CLKP da SATA_CLKN agogo ne mai megahaz 100 da ke zuwa daga cip ɗin agogo na bod. SATARBIAS da abokiyarta mai alamar # ana ɗaure su wuri ɗaya a sauke su ƙasa ta rasista mai om 24.9, da ita cip ke daidaita ƙarfin fitar da siginarsa. SATALED# ita ke sa fitilar faifai ta gaban kes tana ƙiftawa. Alamar # na nufin sai ƙafar ta sauka ƙasa ne take aiki. SATA0GP ƙafar shiga ce da aka tanada don makunnin da ke sanar da cip cewa za a zare faifai, a irin bod ɗinka galibi wani aikin daban aka ba ta ko an ɗaure ta da rasista kawai. Ba ruwanka da ita.

To ka yi lissafi da kanka. Da agogo ne ya mutu, ko rasistar nan ta tashi, ko wutar bolt 1.5 da ke ciyar da sashen SATA ta faɗi, da duk huɗun sun kwanta tare. Tunda ɗaya ne, matsalarka tana kan layuka huɗun nan ne, daga ƙarƙashin cip zuwa bakin rami.

Ummi_ICT:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ni abin da ban taɓa ganewa ba shi ne me ya sa sai an yi waya biyu don saƙo ɗaya. Ba asarar waya ba ce?

Baba_Injiniya:
'Yata, ba asara ba ce. Siginar SATA ƙarama ce ƙwarai, wajen rabin bolt ce, kuma tana gudu sau biliyoyi a sakan. Idan waya ɗaya ce, ƙaramar hayaniyar wuta daga fanka ko fawa fak za ta haɗiye ta. Sai aka sa biyu: in P ta hau, N ta sauka, in P ta sauka, N ta hau. Mai karɓa ba ya kallon tsayin kowacce, tazarar da ke tsakaninsu yake karantawa. Kamar mutum biyu ne a kwalekwale ɗaya, in igiyar ruwa ta ɗaga su tare take ɗaga su, wanda ya fi wani tsawo yana nan ya fi shi. Shi ya sa a kan bod za ki ga layukan biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, tsawonsu ɗaya, ko lanƙwasa tare suke yi. An tsara su a kan om 100 tsakaninsu. Duk wanda ya gyara ɗaya da doguwar waya ya bar ɗayar yadda take, ya ɓata wannan daidaiton.

Oga_Mai_Bulowa:
Duk wannan karatun na ji, amma mu a kasuwa aiki muke yi. Bod ɗin da ya haura shekara goma, ya sha zafi ya sha ƙura, dalmar ƙarƙashin cip ce ke tsagewa. Ka sa fulas, ka ba shi zafi, ya tashi. Kwastoma ba SATARBIAS ya zo saya ba.

Hafiz_Zariya:
Oga, ya tashi na wata nawa? Wannan ita ce tambayar. Dalmar bod ɗin zamanin nan marar gubar darma ce, sai ta kai wajen digiri 217 take narkewa. Yawancin masu buga bulowa ba sa kai ƙarƙashin cip wannan zafin, bod ɗin ne kawai ke ɗan motsawa tsagar ta haɗe. Da ya yi sanyi ya yi zafi na 'yan makonni, ta sake buɗewa. Kuma a nan ramuka uku masu lafiya za a jefa cikin haɗari saboda ɗaya.

Oga_Mai_Bulowa:
Hafiz kai a makaranta kake, mu a teburi muke.

Hafiz_Zariya:
Ranka ya daɗe, teburin ne ya biya min kuɗin makarantar.

Admin_Kabiru:
A yi haƙuri a tsaya kan magana. Sadiq na jiran abin da zai auna.

Musa_Mita:
Sadiq, ga abin da Baba bai kai gare shi ba. Ka duba bayan ramin, ko dab da shi ta sama, za ka ga ƙananan kafasitoci huɗu a jere, biyu biyu, launin ƙasa-ƙasa, ƙanana kamar ba za su kamu da hantsaki ba. Kowane layi yana da ɗaya, nanofarad 10 galibi. Aikinsu su bar sigina ta wuce su tare tsayayyiyar wuta, don kada wutar cip da ta faifai su yi karo.

Saboda su, in ka sa mita a kan ƙafar rami kai tsaye ba za ka ga komai ba, OL za ta nuna maka, wato babu hanya, kuma wannan ba lalacewa ba ce. Yadda ake yi: zare wuta gaba ɗaya, cire batirin bod, sa mita a ma'aunin diyod, jan tsinke a GND, baƙin tsinke a ƙafar kafasita ta ɓangaren cip. Rubuta abin da ka gani a duk huɗun. Sannan ka je rami mai lafiya ka yi haka. Kada ka nemi wata lamba a wurin kowa, kwatantawa za ka yi. TX biyu su yi kama da juna, RX biyu su yi kama da juna, kuma su yi kama da na maƙwabcinsu. Bayan nan ka auna daga ɗaya ɓangaren kafasitar zuwa ƙafar rami, nan kam dole mita ta yi ƙara.

Kafin duk wannan ma ka ɗan girgiza ramin da yatsa kana kallon dalmar bayansa da gilashin ƙara girma. Ramukan da ba su da maƙalli, in ana yawan fizgar kebul, dalmar na yin zobe a kewayen ƙafa.

Ɗan_Maraɗi:
Ni akwai wanda na tarar kafasita ɗaya ta ɓalle, sukudireba ta kankare ta wajen ɗaura bod. Ban da irinta a lokacin, na haɗe wurin da dalma, ya yi aiki, har yau mai shi bai dawo ba.

Musa_Mita:
Ɗan Maraɗi, sa'a ka taka. Faifai da yawa suna da nasu kafasitocin a jikin allonsu, su suka rufa maka asiri. Ranar da aka sa wanda ba shi da su, ko dai ya ƙi gani ko ya ja wa cip matsala. Kuma ka bar layi ɗaya da kafasita ɗayan babu, tagwayen sun daina zama tagwaye. Ka ciro daga mataccen bod mana, kowane rami yana da huɗu kyauta.

Ummi_ICT:
To tunda akwai hanyar tafiya daban, ta dawowa daban, ke nan faifan SATA na iya karatu da rubutu lokaci guda?

Hafiz_Zariya:
A'a Malama Ummi, nan ne mutane ke ruɗewa. A SATA bayanai hanya ɗaya suke bi a lokaci guda. Yayin da ɓangare ɗaya ke turo kaya, ɗayan tagwayen ba sa zaune banza, amma gajerun amsoshi kawai suke ɗauka: ina karɓa, dakata, ya iso lafiya, ya iso da kuskure. SAS na manyan sabobi ne ke iya tura bayanai ta hanyoyin biyu tare.

Wannan ma yana da amfani ga Sadiq. Kafin BIOS ya ga sunan faifai sai an yi gaisuwa. Cipset ya aika COMRESET ta TX, faifai ya amsa da COMINIT ta RX, sannan su yi musayar COMWAKE, sannan su daidaita gudu, gigabit 1.5 ko 3 ko 6. ICH7 na destof a 3 ya tsaya. Layi ɗaya ya yanke a cikin huɗun nan, gaisuwar na iya ƙin kammaluwa, BIOS kuma ya nuna kamar ba a sa komai ba. In kana da Linux a filashi ka tayar da shi ka duba dmesg, wato rahoton da Linux ke rubutawa a kan na'urorin da ya gani. Rami mai lafiya zai rubuta SStatus 123. Lambar ƙarshe ita ce labarin: 0 ba a ga kowa ba, 1 an ji motsin faifai amma magana ba ta ƙullu ba, 3 komai ya daidaita.

Baba_Injiniya:
Hafiz, bayaninka daidai ne, sai dai ka manta bod ɗin da ake magana. ICH7 zalla ba shi da AHCI, wato tsarin da ke barin ramin SATA ya fito a matsayinsa na SATA, sai mai R a ƙarshe da ire-irensa. A kan irin na Sadiq ramukan SATA suna shigar burtu ne su fito a matsayin IDE, tsohon tsarin jona faifai kafin SATA, don haka kada ya dogara da ganin wannan layin. Mita ita ce abokiyarsa a nan.

Alhaji_Lab:
Salamu alaikum. Ku gafarce ni zan ɗan karkatar da ku, tunda an ambaci IDE. Ina da tsohon injin wankin hoto, kwamfutar cikinsa faifan IDE take amfani da shi, mai faffaɗan kebul. Yarona ya canza kebul ɗin, tun daga nan in ta tashi sai ta rubuta wani gargaɗi a kan kebul mai waya 80, kuma ta yi nauyi. Na ƙirga ramukan kan kebul ɗin, sabo da tsoho duk 40 ne. Ina 80 ɗin?

Baba_Injiniya:
Alhaji barka da warhaka. Wannan zamaninmu ne, bari in gyara zama.

Ramuka 40 ne a duka biyun, amma wayoyin da ke cikin leɓen kebul ɗin ne suka bambanta. Tsohon naka, in ka shafa shi za ka ji wayoyin sirara ne, a matse. 80 ne. Ƙarin 40 ɗin duk GND ne, an saka ɗaya tsakanin kowace waya da 'yar'uwarta don kada su riƙa jin maganar juna in gudu ya ƙaru. Yadda bod ke gane wane kebul aka sa masa kuwa ƙafa ta 34 ce. A kebul mai 80, cikin shuɗin kai da ke shiga bod, an ɗaure ƙafa ta 34 da GND. Bod ya ga ta a ƙasa, ya saki gudu zuwa megabayit 66 ko 100 a sakan. Bai gan ta a ƙasa ba, ya riƙe faifan a megabayit 33 a sakan. Don haka ko dai yaronka ya sa mai waya 40, ko ya sa mai 80 a juye, shuɗin kai a jikin faifai. Shuɗi na bod ne, baƙi na masta, wato faifai na farko a kebul, ruwan toka na silef, wato na biyu.

Launukan nan ma ba ado ba ne. Ƙafa ta 28 ita ce CSEL. Bod ya sauke ta ƙasa, a baƙin kai tana haɗe, a ruwan toka an bar ta a yanke. Faifan da jamfarsa, wato ɗan maɓallin da ake sawa a ƙafafun bayansa, ke kan CS, wato kebul ya zaɓa masa matsayi, in ya ga 28 a ƙasa ya san shi ne masta, in ya gan ta a sake ya zama silef.

Sani_Tsohon_Hannu:
Baba ya tuna min da ƙuruciya. Bari in ƙara wa matasa, don zanen bod ɗin Sadiq ma zai nuna su, ICH7 yana da layin IDE guda. Ƙafa ta 1 RESET ce, ita ce gefen jan zare na kebul. Daga 3 zuwa 18 layukan bayanai ne guda 16, DD0 zuwa DD15. Ta 20 babu ita sam, an cire ta don kada a sa kebul a kife. Ta 21 faifai ke roƙon DMA da ita, wato tura bayanai kai tsaye zuwa RAM ba sai ta hannun firosesa ba, cip ya amsa ta 29. Ta 23 rubutu, ta 25 karatu, ta 27 IORDY da faifai ke cewa a jira shi, ta 31 ita ce yake ƙwanƙwasa wa firosesa, wadda ke zama IRQ 14 a layin farko. 33 da 35 da 36 adireshi ne, 37 da 38 zaɓen rukunin rajista, 39 fitila.

Abin da ya fi burge ni shi ne da Ultra DMA ya zo ba su ƙara ƙafa ko ɗaya ba. Uku suka ɗauka suka ba su aiki na biyu. Da zarar an shiga DMA, ta 23 ta koma STOP, ta 25 da ta 27 kuma su riƙa musayar aiki: in faifai ke turowa, 27 ce ke buga ƙidaya, 25 ta ce a shirye nake, in cip ke turawa su juya. Shi ya sa a zane za ka ga ƙafa ɗaya da sunaye biyu ko uku.

Sai ƙaramar dabara ta DD7. An sa mata rasista mai kilo-om 10 zuwa ƙasa a kan bod. Dalili, layi na 7 a rajistar hali shi ne BSY, wato faifai na cewa ina cikin aiki. In babu faifai a kebul kuma layin yana lilo a sama, BIOS zai zauna jiran wanda ba ya nan. Na taɓa samun bod da ke daɗewa ƙwarai a farkon tashi in babu faifai a layin, ashe rasistar nan ce ta tashi.

Nura_Laftof:
Kai jama'a. Mutum ya tambayi rami ɗaya an kai mu zamanin Pentium 3.

Alhaji_Lab:
Malam Nura ka bar su, ni dai na ƙaru. Na duba, siririn kebul ne amma shuɗin yana jikin faifai. Baba Allah ya saka da alheri.

Khalifa_CCTV:
Tunda ana maganar ƙafafu, nawa ya fi na kowa ban haushi. Na sayi babban faifai na hannu, terabayit 8, irin waɗanda ake cirowa daga saba. A akwatin USB yana juyawa lafiya. Na sa shi a destof, ko motsi. Mai shagon ya ce fawa fak ɗina ne ya yi rauni, na sa wani sabo, duk ɗaya.

Hafiz_Zariya:
Khalifa, wannan ba kebul ɗin bayanai ba ne, na wuta ne mai ƙafa 15, kuma ina kyautata zaton ƙafa ta 3 ce. A tsarin asali 1 zuwa 3 bolt 3.3 ne, 4 zuwa 6 GND, 7 zuwa 9 bolt 5, ta 10 GND, ta 11 ta fitila da jinkirta tashin moto, ta 12 GND, 13 zuwa 15 bolt 12. Kusan babu faifan da ke shan 3.3 ɗin, sai aka sake wa ta 3 aiki. A SATA 3.3 da ya fito a 2016 ta zama PWDIS: in aka ba ta wuta, faifai ya kashe kansa. An yi haka ne don masu ɗakunan saba su iya kashe faifai su kunna daga nesa. To fawa fak ɗinka mai lemun waya yana zuba mata 3.3 dare da rana, faifan kuma yana bin umarni. Akwatin USB ba ya kai wuta wurin, shi ya sa yake tashi.

Magani, yanko siririn salatif mai jure zafi, irin ruwan zuman nan da muke rufe bod da shi, ka rufe ƙafa ta 3 a jikin faifan. Ƙirga daga gefen lanƙwasar L, wato ɓangaren da ke kusa da ramin bayanai. In hannunka na rawa rufe 1 zuwa 3 gaba ɗaya, ba abin da zai rasa.

Oga_Mai_Bulowa:
Salatif zai zame in ana cirewa ana mayarwa. Datse lemun wayar kawai ka naɗe bakinta. Ko ka sa adafta daga Molex, tsohon kan wuta mai ƙafa huɗu, ita ba ta da 3.3 tun asali.

Musa_Mita:
Datse waya na yarda, in fawa fak ɗin naka ne ba na kwastoma ba. Amma adaftar nan a yi hattara. Masu kan roba narkakkiya da aka zuba a kan wayoyin, waɗanda ba a iya buɗewa, na ga wadda ta yi baƙi ƙirin ta narke a jikin faifai, 12 da GND suka haɗu a ciki. In dole ne a nemi mai kan da wayoyin ke matse a fili ana ganinsu. Injin CCTV da ke kwana a kunne ba wurin gwaji ba ne.

Maman_Ilham:
Sannunku da ƙoƙari. Tambayata ta laftof ce. Na sa M.2, siririn katin ajiya, a wata, ya shiga ramin daidai har na ɗaure sukurunsa, amma ba ta gan shi ba. Na kai shi wata laftof ɗin ya yi. Shi ma ƙafa ce?

Baba_Injiniya:
Ƙafa ce, Hajiya. Shiga rami daban, jin yare daban. M.2 iri biyu ne, mai magana da SATA da mai magana da PCIe, wanda ake kira NVMe. A sababbin cipset layuka ɗaya ne ke iya zama wannan ko wancan, kuma ƙafa ta 69 ta ramin, PEDET, ita ke faɗa wa cip wanda aka sa: katin SATA yana sauke ta ƙasa, na NVMe yana barin ta. Amma sai in masu bod sun ja layin hakan. Wani ramin SATA zalla aka haɗa masa, wani PCIe zalla. Ki duba littafin laftof ɗin kafin ki sayi wani.

Wannan rabon layin ne ma ke sa a sababbin destof mutum ya sa M.2 sai ramin SATA ɗaya ko biyu su ɗauke, ya zo yana cewa bod ya lalace. Bai lalace ba, aron layin aka yi. Na Sadiq dai ba wannan ba ne, G41 bai san M.2 ba.

Sadiq_Gyaran_PC:
Na dawo. Na bi yadda Oga Musa ya ce. Dalmar rami lafiya, daga ƙafafun rami zuwa kafasitoci duk huɗun mita ta yi ƙara. Kafasitocin babu wadda ta yi shot, babu wadda ta fashe a ido. Ta ɓangaren cip: TXP da TXN lambarsu ɗaya da ta rami na biyu. RXP ma haka. RXN ce ta nuna OL. Na sake aunawa na kankare bakin dalmar, OL dai.

Oga_Mai_Bulowa:
To me na ce tun farko? Ƙwallon dalma ne ya saki a ƙarƙashin cip. An zaga an zaga an dawo gidan bulowa.

Musa_Mita:
Oga kada ka yi saurin cin nasara. OL na nufin hanya ta yanke tsakanin kafasita da cikin cip, bai faɗi a ina ba. Zai iya zama layin ne ya kankare a kan bod, zai iya zama ɗan ramin da layi ke nutsewa ta ciki zuwa bayan bod ne ya ci tsatsa, zai iya zama ƙwallon, zai iya kuma zama cikin cip ɗin ne ya ƙone, musamman in an taɓa zare kebul da wuta a jiki. Sadiq, bi layin RXN da gilashi daga kafasita har inda ya ɓace. Duk inda ka ga ɗigon rami, kankare koren fentin kaɗan ka auna. Sannan ka bar tsinken mita a wurin, ka sa wani ya danna kan cip ɗin da babban yatsa, a hankali, ta kusurwar da layukan SATA ke shiga. In lamba ta bayyana tana ɓacewa, Oga ya yi gaskiya. In ko gezau, zafi ba lallai ya yi maka komai ba.

Hafiz_Zariya:
Ko da ƙwallon ne ni ban ga dalilin taɓa cip ba. Katin SATA na ramin PCIe ƙarami ya wadatar, yana ba da wajen megabayit 250 a sakan a irin wannan bod ɗin, ya fi ƙarfin tsohon faifai mai juyawa.

Sani_Tsohon_Hannu:
Ko katin ma ba sai an saya ba. Yawancin bod ɗin G41 suna da ramin IDE a zaune ba mai amfani da shi. DVD ko a gudun 16 bai wuce megabayit 22 a sakan ba. Nemo DVD na IDE a cikin tarkacen shago, faifai uku su hau ramuka uku masu lafiya, magana ta ƙare. Kawai ka tuna shuɗi a bod.

Nura_Laftof:
Wato bayan duk wannan karatu an dawo kan maganata, a bar ramin a koma wani.

Ummi_ICT:
Oga Nura ba ɗaya ba ne. Da bai auna ba ai bai san ko cutar za ta bi sauran ramukan ba. Ni tambayata ke nan ma ga Baba: in ƙwallo ɗaya ya saki a wannan kusurwar, na kusa da shi fa? Mutumin nan bidiyon bikin mutane ne a faifansa.

Baba_Injiniya:
Tambaya mai kyau, kuma mita ba za ta amsa ta yau ba. Abin da zan ce, Sadiq ya buɗe CrystalDiskInfo ya duba layin C7 na kowane faifai, wato 199, mai ƙirga kurakuran da aka samu a hanya tsakanin cip da faifai. Ya rubuta lambobin a takarda ya manna cikin kes. Lambar ba ta komawa baya, don haka tsohuwar lamba ba abin tsoro ba ce, hauhawarta ce abin dubawa. In bayan mako biyu tana ƙaruwa a wani rami alhali kebul sabo ne, to bod ɗin ya fara sallama, a nemi wani. Kuma ko me aka yanke, a kwafe aikin mutane zuwa wani faifai na waje kafin kowa ya kunna bulowa.

Oga_Mai_Bulowa:
In dai za a kwafe kaya tukuna ni ba ni da ja. Amma Sadiq ka yi gwajin yatsan nan ka faɗa mana, ina son in ji.

Sadiq_Gyaran_PC:
An ɗauke wuta a layinmu, fitilar gilashina ba ta aiki, sai gobe in Allah ya kai mu zan bi layin. Oga Sani, akwai DVD na IDE guda biyu a ƙarƙashin teburina, sai dai ɗaya ba jamfa a bayansa. In shi kaɗai ne a kan kebul, a haka zan sa shi ko sai na nemo?

Sani_Tsohon_Hannu:
Nemo ka sa a MA, wato masta, kuma ka ɗaura shi a baƙin kai na ƙarshen kebul, kada ka bar jela tana lilo. Ciro jamfar daga ɗayan DVD ɗin.

Khalifa_CCTV:
Malam Hafiz salatif ya yi, faifan ya tashi. Amma yanzu injin yana nuna min terabayit 2 kacal a cikin 8 ɗin. Wannan kuma wace ƙafar ce?

Hafiz_Zariya:
Wannan ba ƙafa ba ce, tsarin rabon faifai ne, MBR a wajen terabayit 2 yake tsayawa, sai ka mayar da shi GPT. Buɗe sabon zare a kai kafin Admin ya kore mu.